Waya, Wuta da Talabijin a Zangunan Akra: Tambayoyi da Amsoshi

Na shafe shekaru ina gyaran waya da ƙananan kayan lantarki tsakanin Nima da shataletalen Kwame Nkrumah, wanda kowa ke kira Sakul. Na'urori suna sauyawa kowace shekara, amma tambayoyin da mutanen Nima da Mamobi da Fadama da Sabon Zango suke kawowa bakin shago ba su cika sauyawa ba. Mafi yawan asarar da nake gani tushenta biyu ne, gaggawa da jin kunyar tambaya, shi ya sa na tattara tambayoyin a nan, na amsa kowace gwargwadon nauyinta.

Ina son sayen waya a Sakul. Me ya kamata in duba kafin in miƙa kuɗi?

Abu na farko shi ne ka saya a cikin shago mai ƙofa, wanda idan ka dawo gobe za ka same shi a inda ka bar shi. A layin Tip Toe da kewayensa akwai 'yan kasuwa masu amana da yawa, akwai kuma masu tare mutum a bakin hanya su nuna masa waya mai tsada a rabin farashi. Wani saurayi ya taɓa shigowa shagona da kwali a naɗe cikin leda, yana murna, ya ce in saka masa gilashin kariya. Da muka buɗe sai muka tarar da guntun tayil da aka yanka daidai girman waya, an lulluɓe shi da takarda. An nuna masa wayar gaskiya, ya riƙe ta da hannunsa, sannan aka musanya ta lokacin da yake ƙirga kuɗi. Saboda haka wayar da ka gwada kada ta sake barin hannunka har ka bar wurin.

Ka danna *#06# a kan wayar, lambar shaidarta mai alƙaluma 15 za ta fito, ka gwada ta da wadda ke jikin kwali, kuma ka sa a rubuta ta a rasit tare da sunan shago da kwanan wata. Idan wayar ta hannu ce, ka tabbata mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud ko na Google, domin wayar da ke kulle da asusun wani ba za ta amfane ka ba, kuma sau da yawa alama ce ta kayan sata, wanda zai iya kai mai saye gaban 'yan sanda. Ka saka layinka ka kira wani, ka ji ko yana jin muryarka, ka jona caja, ka ɗauki hoto gaba da baya, ka shafa kowane lungu na fuskar wayar. Duk wannan ba ya wuce minti goma, kuma mai shagon da ya ƙosa da gwajin ya riga ya faɗa maka abin da kake bukatar sani.

A ra'ayina, ga mai ƙaramin ƙarfi sabuwar waya matsakaiciya mai garanti ta fi tsohuwar babbar waya. Tecno da Infinix da itel duk na kamfanin Transsion ne na ƙasar Sin, kuma kayan gyaransu suna ko'ina a Akra a farashi mai sauƙi, alhali kuɗin fuskar wata babbar waya idan ta fashe ya isa a sayi sabuwar ƙarama.

Me ya sa batirin wayata yake saurin ƙarewa?

Zafi ne babban abokin gabar batir. Cajin waya a ƙarƙashin matashin kai, ko barin ta a gaban mota cikin rana, ko kallon bidiyo tana jone, duk suna tsofar da shi da wuri, haka ma cajar bakin titi wadda ba ta daidaita wuta. Idan ka ga bayan wayar ya ɗago, batirin ya kumbura ke nan, ka daina cajin ta nan take ka kai a canza, domin yana iya kamawa da wuta.

An kira ni an ce an turo mini kuɗi ta MoMo bisa kuskure, in mayar. Yaya zan yi?

Kada ka mayar da komai sai ka duba asusunka da kanka. Tun da kamfanin waya na MTN ya fara MoMo, wato ajiya da tura kuɗi ta waya, a Gana a shekarar 2009, aka kuma haɗa layukan da juna a 2018 yadda kuɗi ke tafiya daga wannan kamfani zuwa wancan, harkar ta shiga kowane gida, kuma 'yan damfara sun biyo ta. Dabararsu mafi tsufa ita ce su rubuta saƙon da ya yi kama da na kamfani, su turo daga lambar waya ta yau da kullum, sannan su kira da muryar tausayi.

Wata Hajiya mai sayar da shinkafa da wake kusa da kasuwar Nima ta iso wurina da hantsi, waya a kunne, hannunta yana rawa. Wanda ke kan layi yana cewa, "Hajiya, don girman Allah, kuɗin asibitin mahaifiyata ne na tura miki, ki taimaka." Na ce mata, "Hajiya, ki kashe kiran tukuna, ki danna *170# mu ga abin da ke ciki." Kuɗinta suna nan yadda ta bar su da safe, ko sidi ɗaya bai ƙaru ba. Abin da ya kusa cin ta shi ne tausayi da tsoron riƙe haƙƙin wani, halayen da aka tarbiyyantar da mu a kansu, kuma su ne macuta suke nema. Ba laifi ba ne mutum ya ce zai duba tukuna.

Akwai wata dabarar kuma, inda za a turo maka bukatar amincewa da cire kuɗi, a kira ka a ce daga ofis ne, wai ka ci wata kyauta ko za a rufe layinka, ka saka lambar sirri don a gyara. Babu ma'aikacin kamfanin waya da zai nemi lambar sirrinka, kuma ba a saka lambar sirri don karɓar kuɗi, sai don fitar da su ko duba asusu. Kada lambar ta zama shekarar haihuwarka, kada kuma ka karanta ta da ƙarfi a gaban rumfar mai MoMo, ko da ɗanka ne yake danna maka. Idan an riga an cuce ka, ka kira 100 nan take ka sanar da kamfanin layinka, ka kuma kai rahoto ga hukumar tsaron intanet ta ƙasa ta lamba 292. Harajin tura kuɗi da aka ɗora a watan Mayun 2022 an soke shi a Afrilun 2025, don haka duk wanda ya kira ka da zancen biyansa maƙaryaci ne.

Idan ni ne na tura kuɗi zuwa lambar da ba ita ba fa?

Ka kira 100 cikin gaggawa da lambar shaidar cinikin da ke cikin saƙon, kafin wancan ya cire kuɗin. Nan gaba kuma ka karanta sunan da ya fito kafin ka saka lambar sirri.

Layina da katin ƙanena aka yi masa rajista. Akwai matsala?

Akwai. Lokacin da aka fara sabunta rajistar layuka da Ghana Card, katin shaidar ɗan ƙasa, a watan Oktoban 2021, mutane da yawa waɗanda katinsu bai fito ba sun ari na 'yan'uwa don kada a rufe musu layi. A idon kamfani da hukuma, layin da kuɗin da ke cikinsa na mai katin ne. Ran da wayar ta ɓace ba za a sabunta maka layin ba sai ya zo da kansa, idan kuma ya yi tafiya ko ya rasu, dukiyarka ta shiga cikin rikicin da ba ka shirya masa ba. Shi ma yana cikin hatsari, domin duk laifin da aka yi da layin sunansa zai fito. Ku je ofishin kamfanin tare, kowa da katinsa, a mayar da layin sunanka.

Ɗaukewar wuta ce take lalata firij da talabijin?

Dawowarta ce ta fi yin ɓarna. Kalmar dumso, wadda ake kiran yawan ɗauke wuta da ita a Gana, daga harshen Twi take, ma'anarta kashe da kunna, kuma duk wanda ya zauna a Akra tsakanin 2012 da 2016 ya san ta, musamman a 2015. Madatsar ruwan Akosombo, wadda aka kammala a 1965, ta daɗe tana ɗauke da ƙasar, amma yanzu kaso mafi girma na wutar yana fitowa ne daga tashoshin da ke ƙona gas da mai a Tema da Aboadze, kuma lalacewar bututun gas da ke zuwa daga Najeriya a watan Agustan 2012 ta jefa gidaje cikin duhu na dogon lokaci. Kayanmu an yi su ne don wuta mai ƙarfin bolt 230, amma a daƙiƙun farko na dawowarta takan yi sama ko ƙasa da haka, kuma a nan ne allon cikin talabijin yake ƙonewa.

Idan an ɗauke wuta, ka kashe soket ɗin firij da talabijin da dikoda, ka bar kwan fitila ɗaya a kunne don ka san ta dawo, sannan ka jira kamar minti biyar kafin ka kunna sauran. Injin firij yana bukatar hutawa kafin ya sake tashi, idan aka tilasta masa yakan yi gurnani ya ƙone. Akwai ƙaramar na'urar kariya da ake jonawa tsakanin firij da bango wadda ke yin wannan jiran da kanta, kuma kuɗinta bai kai kusa da na sabon inji ba. A unguwar da wuta ke zuwa da rauni, inda fanka ke juyawa kamar ba ta so, sitabilaiza, na'urar daidaita ƙarfin wuta, ake bukata. Da damina kuma, musamman a watan Yuni, idan ana tsawa ka zare wayar eriya ko ta faranti daga bayan talabijin.

Gidanmu na haya ne, mita ɗaya gare mu, kullum rigima a kan kuɗin wuta. Ta yaya za a raba da adalci?

Wannan tambayar ta fi kowace ɓata zumunci a gidajenmu, inda ɗaki goma ko fiye suke kewaye da tsakar gida ɗaya. Al'adar da aka saba ita ce a ƙirga kayan kowane ɗaki, kwan fitila ɗaya, fanka ɗaya, talabijin ɗaya, a raba kuɗin bisa yawansu. Kuskuren lissafin shi ne kayan ba cin wuta ɗaya suke yi ba. A jikin kowace na'ura an rubuta ƙarfinta da wat, kuma yunit ɗaya na mita shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Kwan fitila na zamani mai wat 10, idan yana kunne awa 6 kullum, bai kai yunit 2 a wata ba. Fanka mai wat 60 da ke juyawa awa 10 kowane dare tana cin yunit 18 a wata. Dutsen guga mai wat 1,200, rabin awa kawai a rana, shi ma yunit 18 ne, abin dafa ruwa mai wat 1,500 na minti 20 kullum kuma yunit 15. Ke nan tsohuwar da ke da kwan fitila biyu da rediyo tana iya biyan kuɗin gugar saurayin da ke ɗaki na gaba, alhali dutsen gugarsa yana ɓoye a ƙarƙashin gado ran da ake ƙirga.

Na taɓa zama da mutanen wani gida a Mamobi bayan sallar isha'i, da takarda da biro, muka bi ɗaki ɗaki muna karanta abin da ke rubuce a bayan kowace na'ura. Dattijon gidan ya dubi lissafin ya ce, "Yarona, ashe firizar mai sayar da ƙanƙara ce take cinye mu, mu kuwa muna zargin yara da talabijin." Mai firizar ba ta yi musu ba, domin ita ma ba ta sani ba. Aka ƙara mata kaso, rigimar shekara biyu ta kwanta.

Mafita mai ɗorewa ita ce kowane iyali ya nemi mitarsa daga ECG, kamfanin rarraba wuta, ta hanyar da doka ta tanada, ko a saka wa kowane ɗaki ƙaramar mitar ƙirga a bayan babbar. Akwai wani dalili kuma: hukumar PURC, wadda ke tsayar da farashin wuta, ta ware rangwame ga masu ƙaramin amfani, amma idan ɗakuna goma suka taru a mita ɗaya gidan yakan wuce wannan matakin, kowa ya rasa rangwamen. Jona wuta ta bayan mita kuwa laifi ne, kuma hanya ce ta gobara a gidan da ƙofarsa ɗaya.

In sayi tsohon firij na gwanjo tunda ya fi araha?

Ba na ba da wannan shawara. Gana ta hana shigo da tsofaffin firij da na'urorin sanyaya ɗaki tun farkon 2013 saboda yawan cin wutarsu. Sababbin suna zuwa da takardar taurari ta hukumar makamashi a manne a ƙofa, kuma yawan taurari yana nufin ƙarancin cin wuta. Firij ba ya hutawa dare da rana, don haka abin da ka rage a wurin saye mita za ta karɓe shi a hankali.

Wace dikoda ta fi dacewa da gidan da ke son tashoshin Hausa da ƙwallo?

Bukatu biyu ne daban, kuma gara a san haka kafin a kashe kuɗi. Tashoshin gida irin su GTV da TV3 da UTV ana kama su kyauta da eriya, muddin talabijin ɗin ko akwatin yana ɗauke da tsarin DVB-T2. Tashoshin Hausa na Najeriya, kamar Arewa24 da ta fara aiki a 2014, ta tauraron ɗan'adam ake samun su, don haka sai da faranti, kuma ka gaya wa mai kafawa sunayen tashoshin da kake so tun kafin ya hau rufi, ka gan su a allo kafin ka sallame shi. Gasar ƙwallon Ingila kuwa sai da biyan kuɗi duk wata, a DStv ko GOtv na kamfanin MultiChoice, kuma yawan wasannin ya danganta da matakin da ka biya. Tun da ɗan ƙwallon Gana Mohammed Kudus, wanda ya tashi a Nima, ya koma Ingila a 2023, gidaje da yawa sun ƙara matakin biyansu, wasu kuma sun gane cewa zuwa gidan kallo ran wasa ya fi musu sauƙi fiye da biyan wata guda saboda wasa huɗu.

Idan hoto yana yankewa lokacin ruwan sama mai ƙarfi, ba lalacewa ba ce, hadari ne ya shiga tsakanin faranti da tauraro. Amma iskar teku tana cin ƙarfe a Akra, saboda haka a riƙa duba ƙusoshin faranti da bakin waya saboda tsatsa. Kada kuma a raina rediyo, wadda ba ta bukatar komai sai batir: GBC tana da shirye-shiryen Hausa, Marhaba FM tana nan a Akra, sashen Hausa na BBC kuma ya fara watsa shiri ne a watan Maris na 1957, watan da Gana ta sami 'yancin kai.

Na sayi data da safe, kafin la'asar ta ƙare. Cutata ake yi?

Mafi yawan lokuta bidiyo ne. Awa ɗaya ta kallo mai matsakaicin haske tana iya cin kusan gigabait 1, mai tsananin haske kuma har 3. Ka shiga saitin WhatsApp ka hana shi sauke hotuna da bidiyon zauruka da kansa, ka rage hasken bidiyo a YouTube da Facebook da TikTok, ka hana manhajoji sabunta kansu sai a kan wayfay. Wayarka tana da shafin da ke nuna abin da kowace manhaja ta ci, kuma daga nan ake fara bincike. Talabijin mai intanet ya fi waya cin data nesa ba kusa ba. Wanda sana'arsa ta dogara da intanet kuma ya riƙe layi biyu na kamfanoni daban, da ɗan tsabar kuɗi a aljihu, domin mun ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke, intanet ta yi rauni na kwanaki a Gana da maƙwabtanta.

Yaro ya dawo daga boko, maimakon makarantar allo sai waya. Me za mu yi?

Ƙwace waya da faɗa ba ya daɗewa, abin da na ga yana aiki shi ne ƙa'idar da ta hau kan kowa a gidan. Talabijin ya zauna a falo inda ake kallo tare, wayar yaro ta kwana a ɗakin mahaifiyarsa, a kuma tsayar da lokaci, misali daga magariba zuwa bayan cin abinci babu mai taɓa waya, har da uba. Wayoyin Android suna da manhajar Family Link ta Google, wadda ke ba iyaye damar ƙayyade awanni da manhajoji. Kada kuma a ba yaro wayar da ke ɗauke da MoMo ya yi wasa da ita.

Maigidana a wurin aiki yana turo mini aiki ta WhatsApp har tsakar dare, da wayata da datata. Ina da bakin magana?

Kana da shi. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003, mai lamba 651, ta tsayar da lokacin aiki a awa 8 a rana ko awa 40 a mako, ta tanadi biyan aikin ƙarin lokaci, da hutun shekara na aƙalla ranakun aiki 15, ta kuma ce aikin da zai kai wata shida ko fiye a rubuta yarjejeniyarsa. Na san da yawa daga cikinmu muna aiki ne a shagon kawu ko kamfanin wani Alhaji da ya ɗauke mu don mutunci, inda ambaton doka yake da nauyi a baki. Duk da haka ana iya magana cikin ladabi a lokacin da ya dace, a ce, "Alhaji, aikin dare yana cin datata, ko za a riƙa saka mini wani abu duk wata, a kuma tsayar da lokacin da zan riƙa amsawa?" Ka adana saƙonnin, domin su ne shaidar awannin da ka yi idan magana ta kai gaban hukumar ƙwadago ta ƙasa. Ka kuma bincika ko ana biya maka SSNIT, wato asusun fansho na ma'aikata, inda ake cire kashi 5.5 cikin ɗari daga albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 13.

Ina sayar da turare da abaya ta WhatsApp. Yaya zan kare kaina?

Ki ware layin kasuwanci daban da na gida, don ki san ribarki daga uwar kuɗi. Kada ki saki kaya saboda hoton rasit da aka turo miki, sai kin ga kuɗin a asusunki. Wajen aika kaya da mai babur, adireshin GhanaPost GPS, wanda aka ƙaddamar a 2017, yana rage yawo a lungunan da ba su da suna. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, kuma lambar nan mai alƙaluma 6 da ke zuwa ta saƙo kada ki tura wa kowa, ko da da sunan ƙawarki aka nema, domin da ita ake ƙwace asusu a shiga roƙon kuɗi a wurin abokan cinikinki.

Zan kai wayata gyara. Yaya zan yi da hotuna da saƙonnin da ke ciki?

Ka cire layi da katin ajiya kafin ka miƙa ta, ka kuma kwafe hotunanka da lambobinka zuwa asusun Google ko iCloud ko wata kwamfuta. Canza fuska ko batir ko bakin caja ba ya bukatar lambar buɗe waya, idan kuma ana son gwaji, ka buɗe da hannunka a gabanka. Ka nemi takarda mai ɗauke da lambar shaidar wayar da abin da za a gyara da kuɗin da aka yi ciniki, sannan ka karɓi tsohon kayan da aka cire. Idan wayar ta faɗa ruwa ne, kada ka kunna ta, kada ka jona caja, kada kuma ka ɓata kwana biyu tana cikin buhun shinkafa, domin tsatsa tana ci gaba da cin allonta a ciki. Ka kashe ta, ka goge ta, ka kai ta wurin mai gyara a ranar.